Ciwon daji na iya yaɗuwa ba tare da ya sauya baƙi ba

Duk wanda ya saba da karatun ajami ya san cewa baƙaƙe na iya zama ɗaya, amma wasali ne ke nuna yadda za a furta kalma. Haka abin yake a jikin mutum. Ƙwayar fata da ƙwayar hanta suna ɗauke da DNA iri ɗaya, wato rubutun gado wanda shi ne tamkar baƙaƙen, abin da ya raba su shi ne wasu alamomin sinadari masu kama da wasali, irin su metil, da ke manne wa DNA ɗin da kuma histon, wato furotin ɗin da aka naɗe shi a kai, su buɗe wani sashe su kulle wani. Wannan fanni ake kira efijenetik, sunan da Conrad Waddington ya raɗa a 1942, kuma a ganina an daɗe ana ba shi ƙasa da matsayinsa a binciken ciwon daji.

Tun a 1983 Andrew Feinberg da Bert Vogelstein suka nuna cewa alamomin metil sun ragu a ƙwayoyin daji, amma hankalin masana ya fi karkata ga lalacewar baƙaƙen DNA ɗin kansu. Alhali yawancin masu rasuwa ba ƙarin farko ne ke kashe su ba, yaɗuwarsa ce zuwa hanta, huhu, ƙashi ko ƙwaƙwalwa. Kafin ƙwaya ta yi wannan tafiya, sai ta saki maƙwabtanta, galibi ta hanyar kulle umarnin da ke samar da E-kadarin, sinadarin da ke haɗa ƙwayoyi kamar danƙo. Sai ta bi jini, sannan idan ta sauka ta sake komawa siffarta ta dā domin ta hayayyafa. Lalacewar baƙi ba ta komawa baya, saboda haka wannan kai-da-komo ya fi dacewa da sauyin wasali. A 2017 Feinberg da abokan aikinsa suka binciki dajin fankiriyas (wata gaɓa da ke bayan tumbi) da ya yaɗu zuwa nesa, ba su sami sabon lahani a baƙaƙen DNA da ya ingiza shi ba, sai babban sauyi a waɗannan alamomi.

Wannan sauya kama ne kuma ke sa magani ya daina ci, kamar yadda wani dajin furosta (gaɓar da ke ƙarƙashin mafitsarar maza) ke rikiɗa ya daina dogaro da sinadarin maza da magani ke toshe masa.

Tunda alamomin na goguwa, an samar da magungunan da ke goge su: Amurka ta amince da azasitidin a 2004 da desitabin a 2006. Sai dai nasararsu ta fi bayyana a cututtukan jini da ɓargo, kuma a ƙari mai tauri kamar na mama ko huhu sakamakon bai taka kara ya karya ba. Shi ya sa nake jin takaici idan na ga masu tallan ganye suna aron kalmar efijenetik suna alkawarin mayar da ƙwayar daji lafiyayya, domin mai ƙullutu a mama da ta saurare su tana ba ƙwayoyin nan watannin da suke buƙata ne su bar inda wuƙar likita za ta iya cim musu.