Dutsen sama ba da wuta yake isowa ƙasa ba

Wai mutane da yawa sun ɗauka idan aka ga wani haske ya keto sama da dare, ana cewa tauraro ya faɗo, to duk inda ya sauka sai gobara. Gaskiya ba haka bane. Na farko dai ba tauraro bane, ɗan dutse ne daga sararin samaniya, gudun da yake yi cikin iska ne ke sa bayansa ya yi ja ya narke, kuma wannan hasken tun yana can sama sosai yake mutuwa, sauran tafiyar faɗowa kawai yake kamar an jefo dutse, iska na huce shi. Ɓawon waje ne kawai ke ƙonewa ya yi baƙi, cikinsa da sanyinsa.

Ku duba Sylacauga a jihar Alabama ta Amurka, 1954. Ann Hodges na kwance a kujera tana barcin rana, dutse mai kusan kilo 4 ya huda rufin gida ya bugi rediyo sannan ya same ta a kwankwaso. Tabon bugu ta samu babba, ba ƙuna ba.

A garin Peekskill kuma, a jihar New York ta Amurka, 1992, wani mai kilo 12 ya lotsa bayan wata jar mota Chevrolet Malibu da ke fake, da ɗan ɗuminsa dai aka same shi amma motar bata kama da wuta ba, abin dariya ma tsohuwar motar sai ta ƙara kuɗi har ana yawo da ita ƙasashe ana nunawa.