Lasisin jinya a Amurka: jarrabawa ɗaya, ƙofofi hamsin

Lokacin da nake aikin jinya a gida, ban taɓa tunanin lasisina yana da iyaka ba. Hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta Najeriya ce ke bayarwa, kuma wanda ta ba ki a Kano shi za ki nuna a Fatakwal ko Legas. Sai da na zo Amurka na ga ashe ƙasa ɗaya tana iya zama kamar ƙasashe hamsin.

A nan kowace jiha da hukumarta ta jinya. Abin da ke ba ni mamaki shi ne jarrabawar guda ce, NCLEX, ko'ina ita ake zaunawa. Amma takardar izinin aiki ta jiha ce. Ina zaune a Maryland, tafiyar da ba ta kai rabin awa ba ta raba ni da birnin Washington. Lasisina yana aiki a Virginia, yana aiki har Texas mai nisan gaske, amma asibitin da ke cikin Washington, wanda nake wucewa ta gabansa, sai na nemi wani lasisin, na sake biyan kuɗi, na sake jira. Hawan jinin mutumin Washington dai bai bambanta da na mutumin Maryland ba.

Dalilin shi ne wata yarjejeniya ta amincewa da lasisin juna tsakanin jihohi da ake kira NLC, wadda ta fara aiki a 2000 da jihohi ƙalilan, har da Maryland, aka sabunta ta a Janairun 2018 aka wajabta binciken zanen yatsu. Yanzu kusan jihohi 40 ke ciki, har da Virginia da Texas, amma birnin Washington ba ya ciki. Idan gidanki na cikin ɗayansu, lasisi ɗaya ya ishe ki duka, sai in kin tare a wata jihar dungurungum, to nan za ki nemi nata cikin kwana 60. Kalifoniya da New York kuwa, inda ake da ɗimbin ma'aikatan jinya, sun tsaya a waje.

Ba na cewa masu adawa ba su da hujja. Ƙungiyoyin ƙwadago na tsoron idan aka buɗe ƙofa, duk ranar da suka shiga yajin aiki masu asibiti za su kwaso nas-nas daga wata jiha su cike gurbi. Wannan tsoro na fahimce shi, ni ma 'yar ƙungiya ce. Amma na tuna 2020, da korona ta kai New York bango, gwamna Andrew Cuomo ya ɗage sharaɗin mallakar lasisin jihar, nas-nas daga ko'ina suka shiga suka yi aiki. Wadda aka amince ta riƙe majinyaci a ranar tashin hankali, me ya rage mata a ranar zaman lafiya?

Kada dai 'yan gida su yi saurin tafa wa kansu. Lasisinmu yana ƙetare iyakar jiha, gaskiya ne, amma ki je neman aikin gwamnatin jihar da ba taku ba, ki ji abin da za a fara tambayarki: ina takardar shaidar asalin jiha? Na san wadda aka haifa a gari, ta yi karatu a garin, ta shekara da shekaru tana aikin kwantiragi saboda kakanta daga wata jiha ya zo. A nan Amurka, shaidar zama lasisin tuƙi ne ko katin zaɓe, ba wanda ya taɓa tambayata garin kakana.