Ranar da na je gaida Fir'auna

Ɗan ƙanwata da ke karatu a Azhar ne ya tasa ni gaba. "Kawu, ka zo Alƙahira ka koma ba ka ga dalar Giza ba? Me za ka faɗa wa mutanen gida?" Na sa aka goge mini shadda, na ɗora babbar riga, na karya hula. Yaron ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kawu, ba ɗaurin aure za mu ba fa." Na tambaye shi yaushe aka haife shi.

Jirgin ƙarƙashin ƙasa muka nufa, wanda suke kira metiro. Yana tsayawa na hango wani tarago babu turereniya, na faɗa ciki ina cewa Allah ya kashe ya ba ni. Ƙofa ta rufe, yaro yana waje yana ɗaga hannu. Ashe taragon mata ne, a tsakiyar jirgi ake ware musu. Wata dattijuwa ta buɗe mini wuta da Larabcin da ban taɓa gamuwa da shi a littafi ba. Na tattaro na Islamiyya, na ba ta haƙuri da cikakken i'irabi, har da tanwini. Aka yi tsit. Can wata budurwa ta ce, "Sadaƙallahul azim." Tarago ya ɗauki dariya har tasha ta gaba.

Dalar Fir'auna Khufu kam, a gaida magina. Ta haura shekara 4,500, kuma da aka gama ta tsayinta ya kai mita 146. Dutse ɗaya daga na ƙasa ya kawo mini ƙirji. Sai ɗan nawa ya ce ana shiga ciki, amma da tikiti na daban. Na biya.

Wanda ya haƙa hanyar nan bai san da babbar riga ba. A sunkuye ake hawa, kan katako mai matakala, ga masu saukowa suna gogar kafaɗarka, ga zafi, ga iska ta yi rowa. Na taka gaban rigata, wani Bature a bayana ya taka bayanta, na tsaya cak a ruku'u, ba gaba ba baya. Sitacin shadda ya narke ya bi gumi. Da kyar muka isa ɗakin sarki. Abin da ke ciki: akwatin dutse guda, babu murfi, babu komai.

Na ce, "Ina mai gidan?"

"Kawu, ai ba a taɓa samun gawar wannan ba. Gawarwakin wasu sarakunan kuma suna gidan tarihi na unguwar Fusɗaɗ a Alƙahira, tun 2021 aka kai su can."

"Kuma ka san haka kafin na biya?"

Ya ce ya ɗauka na sani.

Muna fitowa wani mai raƙumi ya tare ni, yana habibi habibi, wai hoto kawai, fam hamsin. Ni da na yi shekaru ina ciniki a Kantin Kwari, na taya ashirin, ya sallama nan take. Raƙumi da ƙafafun baya yake fara miƙewa, wannan kowa ya sani sai ya hau. Na tafi gaba, hula ta riga ni sauka. Aka ɗauki hoto, na ce to a durƙusar da shi. Mutumin ya ce ashirin kuɗin hawa ne, na sauka daban. Ciniki daga saman raƙumi ba ya daɗi, domin mai kaya ya san ba za ka yi fushi ka tafi ba. Shi kuma raƙumin yana ta tuƙa abinsa, da gani da shi ake rabawa.

Yunwa ta kai mu shagon koshari. Shinkafa, taliya, makaroni, adas da wani wake mai ƙwalo-ƙwalo, duk a kwano ɗaya, an zuba miyar tumatir da soyayyar albasa a kai. Na juya cokali ina neman nama, yaro ya ce kada na wahalar da kaina. Gaskiya abin da daɗi. A kan tebur akwai kwalabe biyu, ɗaya ruwan tafarnuwa da tsami, ɗaya jan yaji da suke kira shaɗɗa.

"Kawu, kaɗan ake sawa."

Na ce yajin Larabawa ne zai tsorata wanda ya tashi da yajin tsire? Na tuttula. Cokali na farko lafiya. Na biyu kunnuwana suka toshe. Na uku hawaye suka kama hanya, mai shago ya ajiye mini kwanon shinkafa da madara mai sanyi bai ce uffan ba.

"Kawu, kuka kake?"

Na ce, "Gida na tuna. Miƙo ruwan."