Kukan mata kuke yi wa dariya, ƙannena

Jiya bayan Isha'i na tsaya shagon wani mai cajin waya da tura fina-finai a wajen Ƙofar Ƙaura in karɓi wayata. Na iske samari sun yi cincirindo a kan waya ɗaya, ana ta ƙyaƙyata dariya har da tafawa. Da na leƙa sai na ga wata mata ce tana magana da Turanci, muryarta na rawa. An yanko maganarta, an ɗora mata kiɗan barkwanci, an rubuta zagin addininta a sama. Na tambaye su ko sun san abin da take faɗa. Ɗaya ya ce, "Yaya, ai na cocin Legas ɗin nan ne, asirinsu ya tonu." Iyakar saninsa ke nan.

Wallahi raina ya ɓaci. Shirin da aka yanko maganar matar daga cikinsa ba sabo ba ne. Sashen binciken BBC na Afirka ne ya fitar da shi a Janairun 2024, kashi uku, a kan T.B. Joshua, wanda ya kafa babban cocin nan na unguwar Ikotun a Legas, ya kuma mutu a Yunin 2021. Cocin nan ne masaukin baƙinsa ya rufta a 2014, mutum 116 suka rasu, yawancinsu 'yan Afirka ta Kudu. An shafe shekara biyu ana binciken, tsofaffin mabiyansa fiye da 25 suka yi magana, suka yi zargin fyaɗe da duka da tilasta zubar da ciki da mu'ujizar ƙarya. Cocin ya ce zargi ne mara tushe. Har yau mabiyansa da waɗanda suka fice suna jayayya a kai.

To ku a ina kuka shigo? Ba ku kalli shirin ba, ba ku san wa ya yi zargi ba, ba ku san amsar da aka bayar ba. Kun samu guntun daƙiƙa talatin, kun mayar da shi makamin zagin maƙwabta. Mace ta zauna gaban duniya tana faɗin abin da ta ce an yi wa mutuncinta, kai kuma ka sa mata kiɗa ka jefa a sitatus. In gaskiya ta faɗa, ka yi wa wadda aka zalunta dariya. In ba gaskiya ba ce, ka yaɗa ƙazafi. Ta wace fuska ka tsira?

Kuma abin da ya fi ƙona mini rai, da sunan kishin addini ake yi. Wane addinin? A Suratul Hujurat aka ce mu binciki labari kafin mu ɗauka, a cikinta aka hana mu yi wa wasu mutane izgili. A Suratul An'am aka hana mu zagin abin da wasu ke bauta wa, don kada su rama da zagin Allah. Ku duba abin da ake mayar muku a Facebook da TikTok in kun saka irin wannan. Ku kuka jawo shi.

Laifi tudu ne. Nan Daura, a Oktoban 2019, 'yan sanda suka fito da mutum 67 daga wani gidan mari, wasu da sarƙa a ƙafa, jiki duk tabo, makonni kaɗan bayan irin wannan ya faru a Rigasa ta Kaduna. Duniya ta ɗauka. Na tuna yadda muka ji zafi da wasu suka ce wai haka Musulunci yake, muna ta bayani cewa laifin mutum ɗaya ba na addini ba ne. Yau ga mu muna yi wa wasu abin da muka ƙi a yi mana. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ruwa ake shafa wa naka, ba tafi ake yi ba.

Ban ma taɓo zancen kuɗin datar ba, wanda rabinsa daga adashin iyayenku mata yake fitowa, ko cacar ƙwallo da ta hana wasunku barci. Yaro bai iya riƙe alwala daga Magariba zuwa Isha'i ba, amma shi ne alƙalin addinan duniya a waya.

A da ana mana kirari da kunya. Mun tashi mun ga dattawa a zaure, in aka kawo zancen aibin wani sai su ce Allah ya rufa mana asiri, a canza magana. Ko gawar wanda ba Musulmi ba aka zo wucewa da ita, shiru ake yi. Yau hawayen mace ya zama abin turawa a Xender. Ku ji tsoron Allah, ku riƙa tunani kafin ku tura abu.

Na sa yaron mai wayar ya goge bidiyon a gabana, ya goge yana sunkuyar da kai. Sai ya ce mini ai tun da rana ya jefa shi a zauren WhatsApp na unguwarsu. Mai kemis ɗin layinsu yana cikin zauren nan, Kirista ne, kuma shi ke ba mahaifiyar yaron maganin hawan jini bashi har ƙarshen wata.