Kwamfuta 'Yar Amurka da Jan Maɓallin Bayanta

Tun da na fara karɓar aikin buga takardun ɗalibai a gida nake sha'awar mallakar kwamfutar tebur, irin mai akwati daban da allo daban, sai dai kuɗin sabuwa ya fi ƙarfin aljihuna, don haka na yanke shawarar neman ta hannu. Kafin in fita, sai da na zaunar da ɗan ƙanwata mai karatun kwamfuta ya yi mini bita kamar mai shirin jarrabawa. Ya ce, "Kawu, kada tambarin da aka manna a jikin akwati ya ruɗe ka, domin Core i5, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, suna ne kawai, zamaninta ake dubawa. In ka ga 2400 a gaban sunan, ta 2011 ce, in ka ga 3470, ta 2012 ce, kuma a ƙa'ida Windows 11 ba ta hawa kan wadda ba ta kai zamani na takwas ba." Ya ƙara da cewa Microsoft ta janye tallafinta ga Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, saboda haka dole farashin tsofaffin ya sauko. Na rubuta duk wannan a bayan katin ɗaurin aure, na soka a aljihu, na nufi kasuwa ina jin kaina cikakken injiniya.

Mai shagon da na faɗa wa ya tarbe ni da fara'ar da ake yi wa wanda aka hango kuɗi a jikinsa. Ya shafa wani baƙin akwati ya ce, "Yallaɓai, wannan 'yar Amurka ce, jiya aka sauke ta. Ta wata tsohuwa ce, ba ta kunna ta sai ranar Lahadi. Naira dubu 130, don kai ne." Na ce a kunna mu gani. Abin da idona ya fara sauka a kai shi ne agogon da ke ƙasan allo, wanda ya nuna muna cikin watan Janairu na 2011. Mai shago ya ce ai lokacin Amurka ne. Na san akwai tazarar 'yan sa'o'i tsakaninmu da su, amma ban taɓa jin ta haura shekara goma ba, sai na zaro katina na karanta masa cewa ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke riƙe agogon, CR2032, shi ne ya mutu.

Daga nan na samu ƙarfin gwiwa. Bayanan na'urar suka nuna i5-2400 da RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi, mai giga 4, sannan na sa yaron shago ya buɗe manhajar da ke faɗin tsawon lokacin da faifan ajiya ya yi yana juyawa, sai ga sa'a 41,000 da ɗoriya. Shekara guda sa'a 8,760 ce, ke nan faifan ya yi kusan shekara biyar yana aiki ba dare ba rana. Na ce wa mai shago da alama Lahadin tsohuwar nan ba ta da Litinin. Da aka kwance murfi kuwa, ƙurar da ke cikin fanka ta isa a shuka gyaɗa a kanta.

Ya ce in taya, na ce dubu 60, ya ce albarka. Na yi tafiyar nan ta mai son a kira shi, ina ƙirga takuna, kuma a taku na tara aka kira ni. Muka daidaita a kan dubu 85, haɗe da allo da madannai da linzami, yana rantsuwa cewa faɗuwa ya yi. Ya rubuta mini garantin mako guda a rasit, ya ja layi biyu a ƙarƙashin "ban da abin da wuta ta ƙona", ni kuwa ban damu ba, tunda ba ni da niyyar ƙona komai.

A gida na jera kayan a kan tebur, uwargida da yara suna kallo, ina ba su labarin yadda na ƙure ɗan kasuwa da ilimi. Ina cikin jona wayoyi na hango wani ɗan jan maɓalli a bayan akwatin, an rubuta 230 a jikinsa. Na sa makulli na tura shi gefe, sai 115 ta bayyana. Nan take lissafi ya zo mini: 115 rabin 230 ce, mitarmu kuwa mai kati ce, tana lashe kuɗi kamar gara, to me zai hana kwamfutar ta riƙa cin rabin wuta? Har na yi wa uwargida bayanin cewa irin wannan dabara ba kowa Allah yake nuna wa ba. Na yi bismillah na soka filogi.

Ƙarar da ta biyo baya ta sa auta ya shige ƙarƙashin kujera, ƙaurin ƙonanniyar roba ya cika falo, uwargida kuma ta yi waje da takalmi ƙafa ɗaya tana salati. Da na kira ɗan ƙanwata, ya daɗe shiru har na zaci layin ya katse, sannan ya bayyana mini cikin ladabi cewa wutar gidajen Amurka volt 120 ce, tamu 230, kuma maɓallin yana sanar da akwatin wutar da ke cikin kwamfutar irin wutar da za ta shigo masa ne. Ni na ce masa ƙarama ce ke tafe, sannan na ɗura masa ninki biyu.

Washegari na koma shagon tare da babban ɗana, shi ke riƙe da akwatin. Mai shago ya sunsuna, ya juya bayanta, ya dubi 115, ya dube ni, ya ce, "Yallaɓai, wa ya taɓa wannan?" Na ce ai ka san gida mai yara. Ɗana ya ce, "Baba, ba kai ne ka ce za ta rage cin mita ba?"

Akwatin wuta ya ci dubu 20. Faifan tsohuwa ya fara ƙaƙas-ƙaƙas, aka maye gurbinsa da ma'ajiyar zamani, SSD, ta dubu 22, batiri dubu ɗaya, adaidaita sahu zuwa da dawowa dubu biyu. Na haɗa lissafi a bayan katin nan, sai ga dubu 130 cif, farashin da ya faɗa tun farko. Kafin ya miƙo mini ita, mai shago ya yanko baƙin salatif ya liƙe jan maɓallin, ya ƙara wani a kai, ya ce wannan kyauta ce.