Binciken Jami'o'in Legas Da Mutanen Da Ke Bayan Katanga

Duk wanda ya san Idi-Araba ya san cewa idan ka fito daga ƙofar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas, tafiyar 'yan mintuna ce a ƙafa ka tsinci kanka a tsakiyar unguwar Hausawa. Tun 1962 asibitin da kwalejin koyon likitanci suke a wurin. Cibiyar masu cutar sikila ta ƙasa tana tsallaken titi. Ɗalibin da ya kwana yana karatu yana jin kiran asalatu daga masallatanmu, kuma mai shayin da ke soya masa ƙwai da sassafe, sau da yawa ɗan Sakkwato ne ko ɗan Maraɗi. Maƙwabtaka ce ta fiye da shekara sittin. Abin da ya daɗe yana cin raina shi ne, idan malaman jami'o'in Legas suka zauna za su tsara abin da za su bincika game da lafiyar mutane, jin daɗinsu da al'adunsu, maƙwabcin nan ba kasafai yake faɗo musu a rai ba.

Shekarun baya wasu ɗalibai daga wata jami'a sun zo unguwarmu da takardun tambayoyi a kan hawan jini. Da Turanci aka rubuta su, sai aka nemi ni da wasu samari biyu mu yi tafinta. Dattawa sun ba da haɗin kai, an auna jininsu, an auna nauyinsu, har mai unguwa ya sa aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar masallaci. Bayan shekara guda wani tsoho mai sayar da goro ya tare ni ya ce: "Ɗana, yaran nan da suka ɗaure mana hannu bara, me suka gano? Ko jikin namu lafiya ƙalau ne shi ya sa suka yi shiru?" Na ce: "Baba, wallahi ba su dawo ba." Ya kaɗa kai ya ci gaba da jiƙa gorarsa. Har yau ina jin nauyin wannan amsa, domin da bakina na roƙe su su yarda.

Ban ɗora wa ɗaliban laifi ba. Tsarin da suka taso a ciki ne ya koya musu cewa aikin bincike yana ƙarewa ranar da malami ya sa hannu. Shi ma malamin, ƙarin girmansa yana rataye ne da yawan maƙalolin da ya buga a mujallun ilimi, musamman na ƙasashen waje. Babu makin da ake ba wanda ya koma Agege ya tara mutane ya ce ga abin da na gani a jininku. Kuɗin bincike kuwa, mafi tsokarsa a fannin lafiya daga waje yake zuwa, kuma mai ba da kuɗi shi ke zaɓen cutar da za a bi: ƙanjamau, tarin fuka, zazzaɓin cizon sauro. Cututtuka ne masu kisa, ba a musu. To amma a 2025 mun ga yadda Amurka ta dakatar da tallafinta na waje cikin dare ɗaya, ayyuka da dama suka tsaya cak. Wanda ya hau dokin aro, a inda mai doki ya ga dama zai sauka. A gida muna da asusun TETFund na tallafa wa manyan makarantu, wanda ake tara masa haraji daga ribar kamfanoni, harajin da ya tashi daga kashi 2.5 zuwa kashi 3 cikin ɗari a 2023, kuma a cikinsa akwai kaso na musamman don bincike. Wannan kuɗin namu ne, saboda haka muna da bakin tambayar a kan wa ake kashe shi.

Matsala ta farko ma ita ce ƙidaya. Rabon Najeriya da ƙidayar jama'a tun 2006, kuma a waccan ƙidayar an cire tambayar ƙabila da ta addini. Gwamnatin tarayya ta ce mutanen Legas miliyan 9 ne da ɗoriya, gwamnatin jiha ta ce sun haura miliyan 17. A irin wannan hali, mutumin da ke kwana a rumfar kasuwa, ba shi da lambar gida, yana zuwa ci-rani bayan girbi ya koma da faɗuwar damina, shi ne na farko da zai zube daga kowane lissafi. Mai bincike yana zaɓen gidajen da zai shiga ne daga jerin gidaje masu lamba. Wanda ba shi da ƙofa, ba a ƙwanƙwasa masa.

Ga kuwa tambayoyi birjik a ƙasa. Je ka Mile 12 da ƙarfe huɗu na asuba ka ga 'yan dako suna sauke kwandunan tumatir da buhunan albasa daga tirelolin da suka kwana a hanya daga Kano, Jos da Sakkwato. Me shekara goma na wannan aiki ke yi wa bayan mutum da gwiwoyinsa, kuma wane ƙwaya yake haɗiya don ya iya tashi gobe? Je ka mayankar Oko-Oba a Agege, inda mahauta ke wuni hannu tsamo-tsamo cikin jini da kayan ciki. Likitocin dabbobi sun san tarin fukan shanu yana kama mutum, haka ma cutar da ke sa saniya ɓari, wadda makiyaya ke kira bakkale, kuma a jikin mutum tana zuwa da zazzaɓin da ake ta yi wa maganin maleriya ba ya jin magani. Je ka jujin Olusosun a Ojota ka ga 'yan jari-bola suna tono, wasu suna ƙona wayoyin lantarki don fitar da jan ƙarfe, suna shaƙar hayaƙin, wasu suna fasa tsoffin batura da hannu. Mu 'yan Arewa mun san abin da gubar dalma ke yi, domin a 2010 ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara. Ga 'yan ga-ruwa da ke shayar da unguwanni masu yawa, alhali kwalara ta sake ɓarkewa a Legas a watan Yunin 2024. Akwai malaman da suka taɓa wasu daga cikin waɗannan batutuwa, Allah ya saka musu, amma aikin tsinta-tsinta ne, wannan ya yi na digirinsa ya wuce, wancan ya yi nasa. Abin da ake buƙata shi ne jami'a ta ɗauki rukunin mutane ta bi lafiyarsu shekara da shekaru.

Haka batun acaɓa. A watan Fabrairun 2020 gwamnatin Legas ta hana acaɓa a wasu ƙananan hukumomi, a ranar 1 ga Yunin 2022 ta sake tsananta dokar a Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland, daga baya ta ƙara wasu. Gwamnati tana da hujjojinta na haɗurra da tsaro, ban raina su ba. Sai dai samarin da aka niƙe baburansu ba su ɓace ba. Wasu sun koma tura baro, wasu sun koma gida hannu rabbana, wasu suna nan a gindin gada. Mece ce makomar iyalan da suke aika wa kuɗi a Jigawa da Yobe? Nawa ne damuwa ta kayar? Rahoton binciken shaye-shaye na ƙasa na 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Najeriya, kuma yankin Kudu maso Yamma ne ya fi kowane yanki yawa. A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ga kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Yaba. Kayan aiki suna nan, saura wanda zai haɗa su da waɗannan samari.

Inda na fi so masu bincike su dakata shi ne harshe, domin a nan ne lafiya da al'ada suke cakuɗe. Na sha raka marasa lafiya asibiti ina fassara. Bahaushe ya ce yana da basir, likita ya rubuta ciwon dubura, alhali a bakin mutanenmu basir ya haɗa da ciwon baya, kasala, kumburin ciki har da raunin mazakuta. Ya ce shawara ke damunsa, kana iya samun ciwon hanta a ƙarƙashin kalmar, kana iya samun wani abu daban. Mace ta ce sanyi ne, kalma ɗaya ta rufe cututtukan mara iri-iri da kunya ba za ta bar ta ta fayyace wa namiji ba. A tambayi wata yaranta nawa, ta tsallake ɗan fari saboda alkunya, ko ta ƙi ƙidaya wanda ya rasu. A tambayi dattijo ko yana cikin damuwa, ya ce alhamdulillahi, ko da kuwa ya yi mako bai runtsa ba. Ɗalibin da bai san wannan ba zai cike takardarsa tsaf, ya zuba a kwamfuta, ya fitar da alƙaluma masu kyan gani waɗanda ba su da alaƙa da jikin mutanen. Tattara waɗannan kalmomi, da gano abin da kowacce ke nufi a bakin Basakkwace da Bakano da Bahaushen Agege, aiki ne da ya kamata malamin harshe da likita su yi kafaɗa da kafaɗa, kuma amfaninsa zai bayyana a ɗakin ganin likita tun kafin a buga shi a wata mujalla.

Dole kuma mai zuwa da allura ya san tarihin da yake takawa. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kusan 200, 11 suka rasu, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Wannan tabo na cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003. Labarin ya biyo tirela ya iso Legas, yana nan a zukatan iyaye. Maganinsa ɗaya ne: a yi bayani da Hausa, a nemi izini na gaskiya, a turo mata su shiga wurin mata, a dawo da sakamako.

Batun asali ma yana jiran masu nazari. A Legas duk wanda ya fito daga sama da kogin Kwara sunansa Bahaushe, ko Babarbare ne, ko Bafulatani, ko Banufe, ko Bazabarme daga Nijar, ko Kirista daga kudancin Kaduna. A ƙarƙashin wannan suna ɗaya kuma akwai gidajen da suka yi ƙarni a nan. Tun 1863 wani hafsan sojan Ingila mai suna Glover ya kafa rundunarsa ta Hausawa a Legas, wadda sojan Najeriya ke ƙirga asalinsa daga gare ta. Fataucin goro da layin dogo da ya kai Kano a 1911 suka cika Zangon Agege. Jikokin waɗannan mutane suna Yarbanci kamar ruwa, suna buroka a titi, suna Hausa a gida, Hausar da idan sun je Kano ake gane daga ina suka fito. Tun 2018 doka ta wajabta koyar da Yarbanci a makarantun jihar, abin da ban ga aibunsa ba. Amma yaron nan idan ya gama sakandare, aka ce ya kawo takardar shaidar ƙaramar hukumarsa ta asali, sai ya kama hanyar garin da kakansa ya baro, inda ba wanda ya san fuskarsa. Nan a ce masa baƙo, can a ce masa ɗan Legas. Yaya mutum ke girma da wannan a ransa? Me ya sa zaman lafiya na shekaru ke rushewa cikin yini guda, kamar yadda aka gani a Idi-Araba a Fabrairun 2002 da Mile 12 a Maris ɗin 2016, kuma su wane ne ke ɗinke shi bayan ƙura ta lafa? Aikin da har yau masana ke yawan ambata a kan zaman Hausawa a ƙasar Yarbawa shi ne wanda Abner Cohen ya yi a unguwar Sabo ta Ibadan, aka buga a 1969. Duniyar da ya gani ta fataken goro da shanu ce, kafin wayar hannu, kafin acaɓa, kafin rikicin Boko Haram da na 'yan bindiga su koro dubban mutane Kudu.

Wani zai ce ai wannan aikin Jami'ar Bayero ne ko ta Ahmadu Bello, me ya haɗa Jami'ar Legas da ke Akoka ko ta jiha da ke Ojo da shi? Ina ganin Legas ce ta fi kowa bukata. A 2014, da Ebola ta shigo ta filin jirgin Ikeja, abin da ya ceci ƙasar nan, bayan tsayin dakan Dakta Ameyo Adadevoh, likitar da ta hana wanda ya shigo da cutar fita daga asibiti, shi ne bin sawun mutane kusan 900 ɗaya bayan ɗaya, har cutar ta tsaya a kan mutum 20, 8 suka rasu. Waɗancan mutane galibi suna da adireshi da lambar waya. A ce cutar ta fara ɓulla ne a cikin masu kwana a kasuwa, waɗanda kullum motocinsu ke kai da komo tsakanin Legas da jihohi goma, wa zai bi sawunsu, da wane harshe, ta hannun wa? Wannan sani ba a tara shi ranar annoba. Kuma abin da nake nema wa Hausawa, shi nake nema wa masunta Egun na Makoko da jami'a ke hangowa daga bakin ruwa.

Mu ma da namu kason. Sarakunan Hausawa na unguwanni, shugabannin kasuwar gwari da na mahauta da limamai suna iya zama su rubuta matsaloli biyar da suka fi damun jama'arsu, su kai wa shugabannin jami'o'in nan da cibiyar binciken lafiya ta ƙasa da ke Yaba, maimakon jiran ɗalibi ya zo da tambayar da aka tsara ba da su ba. Suna iya kafa sharaɗi: duk wanda zai yi bincike a zango, zai dawo ya karanta sakamakon da Hausa a gaban waɗanda ya tambaya, kuma wanda aka samu jininsa ya hau za a nuna masa inda zai je. Attajiranmu na canji da na shanu, da ke kai mutane Makka kowace shekara, suna iya ɗaukar nauyin yaran Agege da Idi-Araba, musamman mata, su karanta likitanci, jinya, harsuna da nazarin zamantakewa a nan Legas. Yarinyar da ta tashi tana jin Hausa da Yarbanci da Turanci, ta san abin da uwarta ke nufi da sanyi, ita ce za ta shiga gidan da aka rubuta wa "ba shiga" ta fito da amsa ta gaskiya.

Tsohon nan mai goro ya rasu bayan shekara biyu, shanyewar ɓarin jiki ce ta kwantar da shi. Awon da aka yi masa a ƙofar masallaci yana nan a rubuce cikin wani kundin digiri, kuma babu wanda ya taɓa gaya masa abin da awon ya nuna.