Rediyon mahaifina a kan tarakta

Wani labari da na ci karo da shi na manoman da ke tuna jin rediyo a kan tarakta ya taɓa ni ƙwarai. Sai dai a nan Zariya, tarakta ƙirar Massey Ferguson da mahaifina ya tuƙa a gonakin Shika ko rumfa ba ta da ita, balle rediyo. Rediyon da yake ji 'yar ƙarama ce mai batir, yakan ɗaure ta da roba a bayan kujera. Rugugin inji ba ya barin a ji komai, sai an tsaya shan fura a kamo Rediyon Kaduna. Ta nan ya riƙa jin malaman gona na Samaru suna bayanin irin masara da lokacin zuba taki, Allah ya saka musu. Yau yaranmu direbobi ba sa neman shirin noma, kuma wallahi abin yana damuna.